Ranar Rufe Filin Wasa a Skegness

Ƙarshen Oktoba.
Dennis na lulluɓe dawakan katako da tamfol,
ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunayensu.
Farin nan mai ɓallallen kunne
kakansa ne ya sassaƙa shi
shekarar da teku ta shigo gari.

Ladidi ta ƙi sakin wuyansa.
Alawar auduga ta narke mata a yatsu.
"Baba, su ba sa jin sanyi?"

Na ce barci za su yi sai bikin Ista.
Dennis ya lalubi aljihu,
ya miƙa mata tsohon tikiti,
wai ta ajiye masa.

Muka fito, aka ja ƙofa.
Babban lilo ya tsaya cak,
kujera guda can sama
tana reto ita kaɗai.