Taki Ɗari da Arba'in

Taki ɗari da arba'in ne
daga ƙofar gidana zuwa shagon mai gyaran agogo.
Nan sharaɓata ta dama ke ɗaurewa
kamar an ja tsirkiya.
Sai in tsaya, in zuba wa agogunan ido
kamar mai niyyar saye.
Shekara biyu ke nan mai shagon na ɗaga mini hannu,
bai taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa shiga ba.

Sheffield tudu ce bisa tudu.
Shekara ashirin da uku na hau su a zaune,
ina murza sitiyarin bas mai hawa biyu,
taba a aljihu, shayi a gora,
ashe ƙafa na rubuta bashinta.
Ga shi ta zo karɓa, taki-taki.

Ran Talata nas Marlene ta shafa mini mai a bayan ƙafa,
ta ɗora ɗan abin saurarenta, muka yi tsit.
Ta hagu ta ce fuu, fuu, kamar zugazugin maƙeri.
Ta dama sai da aka yi ta lalube
kafin ta amsa can nesa,
muryar mai kira daga tsallaken kogi.

Ta zana mini hanyoyin jini, ta nuna inda suka tsuke.
Na ce, huta, ni ɗan masunta ne daga Haɗeja.
Na ga shekarar da kacala ta shaƙe rafinmu,
sama ambaliya, ƙasa gonaki na kukan ƙishi,
babana cikin kwalekwale da lauje,
yana sara, tana tohowa.
Ta ce, to ɗauki laujenka:
yi tafiya har ta yi ciwo, ka huta, ka ƙara.
Jini in ya rasa babbar hanya yakan fasa ƙanana.

Da dare Tasalla kan janye tata ƙafar,
wai ta auri mutum, ba ƙanƙara ba.
Sannan ta tashi ta ɗauko man kaɗanya.
An hana ni robar ruwan zafi,
don wuta za ta ci ni ban ji ba.
Ruwan alwala ma da gwiwar hannu nake gwada shi.
In zogi ya hana barci
sai in sauko da ƙafar daga gado, tana reto,
in bar jini ya gangara da kansa.

Kullum kafin in kwanta
nakan sa madubi ƙarƙashin tafin ƙafa.
Ko ran angwancina ban kalli fuskata haka ba.
Akwai wani ɗan miki a ƙaramin yatsa,
bai fi ƙwayar gero ba,
takalmin ƙaramar Salla ne ya bar mini shi.
Ga layya ta wuce, yana nan.
Na daina raina haki.

Ilu, abokina na Leeds, an cire masa yatsu biyu.
Ya bugo waya yana dariya,
wai yanzu ya fi kowa saurin alwala.
Na taya shi. Da muka ajiye
na daɗe ina ƙirga nawa.

A masallaci na koma sahun kujeru.
Goshina na kewar ƙasa,
amma Mai sama ya san abin da ke cikin safa.

Jiya, ana yayyafi,
na wuce shagon agogo da taki goma sha ɗaya
kafin tsirkiyar ta ja.
Da na ɗaga kai, sai ga ni gaban shagon kayan amare,
tsoho da sanda, da hular sanyi,
ya kafa wa farar riga ido.
Na kusa minti uku a wurin.

Mai agogo ya fito bakin ƙofa,
tabarau a goshi,
ya dubi inda na saba tsayawa,
ya dubi inda nake.
Bai ce komai ba.
Sai ya duba agogon hannunsa, ya gyaɗa kai.