Tambaya ta Bakwai

Na fito Dundaye da hantsi,
takardun tambaya ɗari biyu a jaka,
na hau gadar Kwalkwalawa, Rima na kwance,
bai tambaye ni abin da zan auna ba.

Farfesa Bunu ya riga ya yanke:
"Kawo mana alƙaluma, ɗalibi.
Imanin da bai hau jadawali ba
kwamiti ba zai sa masa hannu ba."
Na ce to. Mai neman digiri
bai san wata amsa da ta wuce to ba.

Tambaya ta bakwai: wane ɓangare kake?
Akwati huɗu na zana, na biyar "sauransu",
kamar mai raba garin Sakkwato a faranti,
ina ganin ban bar kowa a waje ba.

A Shagon Goro na iske Haliru,
mai gyaran waya, fitila ɗaure a goshi.
Ya ce: "Malam, ni ka ganin cikin mutane.
Dubi wagga: izu sittin, makaranta bakwai,
dab da su ga cacar ƙwallo ta kafa rumfa,
ko zana ba ta raba su ba.
Mai ita shina sahun farko da asuba.
Kak ka rubuta munafuki, dakata,
jiya shi ya biya wa wata kuɗin allura,
ya roƙe ni kada in hwaɗi, ga shi na hwaɗi."
Na duba akwatunan nan biyar,
ban ga inda zan zaunar da shi ba.

A Ƙofar Rini, Inna Ige na tsinkar zogale.
Na ce: sau nawa kike jin wa'azi a waya?
Ta ce: "Jikata ka kunna min.
Awo, suna da sani, Allah shi ƙara,
amma mi ya husata su haka?
Mu da, yini biyu muka yi a ƙasa
don baiti biyar a kan tsarki,
muna maimaitawa har mu kai gida,
ƙafa ta kumbura, karatu ya zauna.
Ku kuwa ilimi ka iske ku kwance,
shi ya sa ba ku tashi kun tarbe shi ba."
Ta cika min leda da zogale,
takardata kuwa ba ta cika ba.

Magariba ta same ni Runjin Sambo.
Lasifika uku, kowace na ɗaga ta wata.
Ga samari biyu da na sani a aji,
sun kwana suna jifan juna da hujja
kan inda hannu zai zauna a salla.
Yau famfo ya ƙafe, buta ɗaya ta rage:
wannan ya zuba wa wancan, ya rage masa rabi.
Na laluba jaka zan ɗauki hoto,
sai na ji kunya, ban ɗauka ba.

Da dare a Mabera aka ɗauke wuta.
Na buɗe adakar kakana da hasken waya.
Gara ta ci babi guda, ta bar gefe,
inda ya yi ta gardama da marubucin
cikin jar tawada, layi bisa layi,
sannan a ƙasa, da ƙaramin hannu:
Allah ne mafi sani.
Ni na tara shafi ɗari uku,
manazarta ta kai tsawon igiyar guga,
ko sau ɗaya ban rubuta haka ba.

Takarda ɗaya ta rage a jaka.
Na ce bari in cike ta da kaina.
Suna, shekaru, unguwa, duk na wuce da gudu.
A ta bakwai biro ya tsaya.
Zakara ya yi cara, ladan ya yi gyaran murya,
na tashi neman buta,
ban rufe biron ba.