Farin Layin Tsakani

Tun asuba ruwa ke zuba a Liège,
kogin Meuse ya koma launin toka.
Ina jera katunan aro sai ga Renzo Cattani,
direban bas, rigarsa na ɗiga,
Maud a bayansa da lema a naɗe.
Ya dire jakar cefane a teburina,
littattafan zane bakwai a ciki,
kamar wanda ya kamo ɓarayi.

"Madam Odile, shekarun Timéo sha huɗu.
Hoto ai na mai koyon tafiya ne.
Ba shi littafi mai nauyi,
wanda rubutu ya cika maƙil."

Ban yi musu ba. Gani ya kori ji.
Na zaro ɗaya, na buɗe tsakiya.
Ga akwatin farko: mace a tashar jirgi,
jaka a gefenta, agogo a sama.
Ga na biyu: jakar kaɗai.
Ba kalma ko ɗaya.
Na ce, "Me ya faru?"

"Ta hau jirgi, ta manta kayanta."
Maud ta ce, "Ina! Dubi agogon.
Minti ɗaya kacal, jirgi bai iso ba.
Fasa tafiyar ta yi, ta koma gida."
"To jakar fa?"
"Wanda ya yanke shawarar zama,
me zai yi da jaka?"

Suka duƙa, kai da kai,
yatsansa a kan wani ɗan farin layi
da ya raba akwatunan biyu.
Na ce, "Nan ɗanku yake aiki.
Mai zane ya ba shi gaɓa biyu,
shi ke gina gadar da kansa,
sau ɗari kafin littafi ya ƙare.
In wannan ba karatu ba ne,
me kuka tsaya yi yanzu?"

Sai na juyo musu da katin yaron.
Watan jiya ya ari labarin zane
na masu haƙar kwal a ƙarƙashin garin nan.
Kwana uku ya dawo, fuska a ɗaure,
yana tambaya ta ina huhu ke yin baƙi.
Ya tafi da tarihin ma'adinai, shafi ɗari huɗu,
da ƙamus ɗin Italiyanci,
wai akwai wasiƙun kakansa a kwali
da ba wanda ya karanta masa.

Renzo ya yi shiru.
Na ji tarin ubansa a cikin shirun,
ko da yake ban taɓa ganin mutumin ba.

Bai ce na yi gaskiya ba,
ni ma ban nema ba.
Ya mayar da shida cikin jaka,
na bakwai, mai matar tashar jirgi,
ya cusa shi ƙarƙashin riga saboda ruwa.
A bakin ƙofa na ji yana cewa Maud,
"Ni dai har yanzu na ce ta hau jirgin."