Mutum Na Goma Sha Bakwai

Ranar da Fresia ta ce ta zaɓa,
ina tsaye ina fere kifin dare.
Na ce, "Likita?" Ta girgiza kai.
"Lauya?" Ta yi dariya.
"Ilimin zamantakewa, Baba."
Na ajiye wuƙa na dube ta:
"Zaman da muke yi kyauta a kan tudun nan,
shi za mu biya kuɗi a koya miki?"

Shekara talatin da ɗaya ina dako a tashar jiragen Valparaíso.
Kafaɗata ta san buhun gari, ta san nauyin tagulla,
ba ta taɓa saɓa wani kaya mai suna al'umma ba.

Kullum da safe ta sauka matakala ɗari da sittin da biyu,
ta dawo da littattafai masu kaurin bulo
da kalmomin da ba sa shiga tukunya.
Ana cin abinci sai ta jefo tambaya:
"Me ya sa bankuna suke ƙasa bakin teku,
mu muna sama, kusa da gajimare, nesa da famfo?"
Na ce, "Haka muka tarar."
Ta ce, "Wa ya ajiye shi kafin ku tarar?"

A shekarar ƙarshe ta zo da ƙaramar rikoda,
wai tana rubutu kan 'yan dakon da inji ya kora.
Na ce minti goma zan ba ta.
Shayi ya huce sau uku.
Na faɗa mata ranar da manyan akwatunan ƙarfe suka iso,
aka tara mu jingim, aka riƙe 'yan kaɗan.
Na faɗa mata yadda Nibaldo ya yi wata biyar
yana fita da asuba da kwanon abincinsa
don kada matarsa ta gane.
Sannan, ban san lokacin da ya kuɓuce mini ba:
ni ma na yi haka, mako shida,
ina zaune bakin ruwa ina ƙirga tsuntsaye.

A kundinta babu sunana. Ƙa'ida ce, in ji ta.
"Mutum na goma sha bakwai, shekara hamsin da takwas."
Na tsinci kaina a shafi na casa'in,
ga wasu ashirin da uku kewaye da ni
suna faɗin maganata da bakinsu.
Ashe kunyar da na ɗinka a ɓoye,
yadi guda aka yanka mana duka.

'Yan ajinsu sun watse kamar an buɗe tafin hannu.
Yasna tana gidan yari,
tana nema wa masu fita inda za su sa haƙarƙari.
Eleuterio kamfani ya ɗauke shi
yana tambayar mata sabulun da suka fi so;
shi ya fara sayen mota.
Wata tana koyarwa can kudu inda ruwa ba ya ɗaukewa.
Wani tasi yake ja, ba zan ɓoye ba,
digirinsa na jikin bango yana jiransa.

Tawa ta shekara tana kai takarda ofis-ofis,
har takalminta ya buɗe baki.
Sai wuta ta ci bayan tudunmu.
Hukuma ta hawo da taswira mai gida arba'in.
Fresia ta bi toka da biro,
ta ce, "Rufi arba'in ne, amma murhu saba'in da uku,
ku ƙirga murhu."
Aka ƙirga. Barguna suka isa.

Yanzu tana sashen gidaje na birni,
albashi ba yabo ba fallasa.
Jiya maƙwabcina Belisario ya leƙo ta taga:
"Wai 'yar nan taka, aikin me take yi ne?"
Na daɗe ina nema.
Na ce, "Zama take yi, ta bar mutum ya gama magana."
"Ana biya don wannan?"
"Kaɗan," na ce,
na jawo kifi na biyu.