Kitson Farko

Bappayo, na ji labari a Tashar Dukku,
a teburin mai shayi, tun ruwa bai tafasa ba:
wai yau kwana arba'in
kana barci da takalmi a ƙafa,
yara biyu, tukunya ɗaya,
har yanzu ba ka gano inda ake ajiye gishiri ba.

Zauna. Ni ma ta nan na biyo.

Shekarar da Jummala ta rasu
ta bar mini Diddi, 'yar shekara huɗu,
da keken ɗinki da ya fara tsatsa,
da bashin asibiti a rubuce bayan kalanda.
Ni da na saba da sifana da baƙin mai,
nake kwance injin keke ido a rufe,
sai ga ni ranar Lahadi da dare
riƙe da mataji kamar an miƙo mini maciji.

Kitson farko da na yi mata
ya karkace kamar sawun akuya a gangare.
Ta dubi madubi, ta dube ni,
ta ce, "Baba, Inna ba haka take yi ba."
Na fita zaure na daɗe.
Ba sai na gaya maka abin da na yi a can ba.

Washegari Saraya 'yar Kaltungo,
mai suyar awara a bakin layinmu na Bolari,
ita ma 'ya'ya uku, ba mai kawo cefane,
ta ga kan yarinyar, ta yi dariya har da riƙe ciki,
sannan ta jawo kujera 'yar tsugunno ta ce,
"Kawo hannun. Uku ake rabawa.
Wannan bisa wannan, wancan ya biyo baya.
Sassauta! Kan mutum ne, ba igiyar guga ba."

Wata shida ina koyo.
Ni kuma in ruwa ya tsuge
na kwashi nata da tawa zuwa makaranta.
Ba wanda ya rubuta wa wani lissafi.

Za su yi magana, Bappayo.
Za su ce namiji da goyo, namiji a layin markaɗe.
Za su ce yi aure gobe-goben nan ka huta,
kamar mace garwa ce da ake arowa a maƙwabta.
Ƙyale su.
Bakin da bai taya ka hura wuta ba
ba shi zai gaya maka tuwo ya nuna ba.

Tuwon zai yi gudaji. Ku ci abinku.
Za ka manta kuɗin jarrabawa, ka je ka ba da haƙuri.
Wani dare ƙaramin zai kira ta cikin barci,
kai kuma ba ka da amsa.
Ɗora tafinka a gadon bayansa,
ka bar shi nan har numfashi ya daidaita.
Wannan ma amsa ce.

In kayan ya danne wuya, ka faɗa.
Ba a sauke wa wanda ya ce ba nauyi.
Ƙofata ba ta ganin sakata sai sha ɗaya ta wuce.

Ban ce maka zai tafi ba. Ba ya tafiya,
sai dai ya koyi zama a gefen tabarma
kamar baƙo mai kunya.
Amma katangar da damina ta kayar,
da ƙasarta ake sake kwaɓa tubali.

Jiya Diddi ta dawo, aji shida take yanzu,
wai ƙawayenta sun dame ta da tambaya
wace mai kitso ce ta yi mata wannan shuku.
Ta ce musu, "Wani bakanike ne a Bolari,
kuma sai an bi layi."

Gishirin kuwa, duba gwangwanin madara,
can bayan kwanuka, inda hannun yaro ba ya kaiwa.
Nan suke ajiyewa.

Gobe Lahadi.
Ka zo da 'yarka, ka zo da mataji.