Mai Tsaron Igiya

Ƙarfe bakwai saura kwata nake ɗaura igiyar,
rawaya ce, rana da hannun jama'a sun koɗar da ita.
Taku goma sha ɗaya a tsawo, huɗu a faɗi,
iyakar ƙasar da nake mulki ke nan
a filin wasan da ya cinye gonakin lemon Fulorida.

Disamba ce, amma zufa na bin bayana.
Daga saman fitilu inji na feso dusar ƙanƙara,
kumfar sabulu ce kawai;
yara su buɗe baki, su tofar, su sake buɗewa.

Madam Odalys ce ta fara isowa, kamar bara,
kekenta mai batir a naɗe da ƙananan fitilu,
aikin jikanta, ta ce, kuma ya zuba da yawa.
Kafin a ware wannan wuri
shekara tara tana zuwa kallon fareti
ba ta ga komai ba sai bayan wando da jakar goyo,
har ta haddace kowane bel da ake sayarwa a Amirka.
Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Sai tsoho Thaddeus da farar sandarsa,
'yarsa Renata na riƙe da gwiwar hannunsa.
Sai Wendell, kurma ɗan shekara shida,
rungume da jar balan-balan.

Wani saurayi ya zo da ƙafafunsa, ya nuna kati.
Wata mata a waje ta ja tsaki mai tsawo.
Na ɗaga masa igiya.
Ba a ɗauke ni aikin duba ciwo ba,
kuma ciwon ciki ba ya ɗaga tuta.

Ganguna suka taso daga kwanar gidan alewa,
barewar katako, sojojin gwangwani, mata masu fukafukin azurfa.
Nan wani ƙato ya tsaya daidai bakin igiya
ya saɓa ɗansa a wuya,
ya zame wa mutum biyar katanga.
Na taɓa kafaɗarsa.
Ya ce, "Kuɗina na biya."
Na ce, "Su ma."
Yaron ne ya leƙo ƙasa, ya ga fitilun keken,
ya ce a sauke shi.
Odalys ta ba shi wuri kusa da taya,
uban ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Tara da rabi aka kashe fitilun titi.
Ta farko ta tashi da fito, ta fashe.
Wendell ya danna balan-balan a ƙirji,
kowace ƙara ta ratsa roba ta shige haƙarƙarinsa,
yana dariya da dukan jikinsa.
Renata ta buɗe tafin ubanta,
ta ja yatsa ɗaya daga wuyan hannu zuwa tsakiya,
sannan ta watsa biyar.
"Wannan fa?" "Kore." "Na san kore," in ji shi,
"na yanke ciyawa shekara talatin."
Saurayin nan ya zauna a ƙasa, ya haɗiyi ƙwaya biyu,
bai sauke ido daga sama ba.

Ni doka ta ce in fuskanci jama'a.
Shekara huɗu wutar na fashewa a ƙeyata,
abin da nake samu shi ne ragowarta
a gilashin Odalys, a ƙarfen taya,
a haƙoran yaron da aka sauke.

Goma da kwata hayaƙi ya lafa,
warin ashana da gugguru ya rage.
Na kwance igiya, na naɗe ta a gwiwar hannu.
Gwiwar ƙafata ta hagu ta fara magana tun Agusta,
likita ya ce mu jira mu gani.
Kafin in tafi na sake auna wurin da taku:
goma sha ɗaya, huɗu.
In an matsa kaɗan, zai ɗauki ƙarin mutum ɗaya.