Asusu

Shekara goma sha ɗaya ina bayan gilashi
ina ƙirga kuɗin mutane.
Na san warin kuɗin mahauta,
na san na 'yan kifi, na san na masu gwanjo,
amma da ka tambaye ni launin yammacin Laraba
sai in ce ban gani ba, muna rufe lissafi.

Ranar da igiyar ta tsinke ba wanda ya yi min tsawa.
Bandir ɗin 'yan ɗari biyar ne a hannuna,
na kai sittin da bakwai, na manta me ke binsa.
Na sake. Na sake.
Layi ya kai bakin ƙofa,
ina kallon yatsuna kamar na aro.

Likita ya rubuta hutu. Ni na rubuta murabus.

Motar Jahun ta sauke ni a gindin tsamiya
da akwati guda da takalmi mai tsini
wanda yashi ya haɗiye kafin in kai zaure.
Wasu suka ce kora ce, wasu suka ce iska.
Goggo Barmani ba ta ce komai ba, ta dama fura.
Kwana tara ina barci,
ina zabura da asuba ina laluben katin aiki a wuyana.

A na goma ta turo min kwando da ƙafa:
"Tashi. Kududdufi ya ja baya, yumɓu ya fito."

Ban san ƙasa na da taurin kai ba.
A jiƙa ta, a tattake ta da ƙaiƙayi,
a bar ta ta kwana.
Ba ta san manaja ba, ba ta san ƙarshen wata ba.
Tukunyata ta fari ta zauna kamar kwaɗo.
Ta biyu ta tsage tun a inuwa.
Ta uku ta shiga wuta, ta yi ƙarar bindiga,
ta tafi da tulunan Goggo biyu.
Na zauna cikin toka na yi kukan
da na daɗe ina ɗagawa sai an tashi aiki.

Goggo ta juya tsingaro a tafinta.
"Iska kika bari a ciki. Sauri kike.
Wa yake jiranki?"
Na buɗe baki in lissafa.
Ban samu ko mutum ɗaya ba.

Kada in yi ƙarya, kuɗin sallama sun ƙare kafin kaka.
Faso ya tsaga dunduniyata,
kuma daren da Sa'ade ta kira ta ce an yi mata ƙarin girma
na juya tuwo yana ƙonewa ban sani ba.

Abin da ya fara fita wuta lafiya
ba randa ba ne, ba tulu ba.
Asusu ne, ɗan dunƙule, mai baki a karkace.
Na zauna da tsinken tsintsiya na ɗiga masa zanen zabuwa,
yini guda, ba wanda ya sa ni.

A kasuwar Gujungu wani yaro, Cindo,
ya ɗaga shi, ya leƙa, ya girgiza.
"Ta ina kuɗin ke fita?"
Na ce sai ka fasa.
"To don me kika yi masa ado?"
Na yi dariya har mai tabarmi ta waigo.
Ya biya da naira ɗari biyu mai warin ƙuli-ƙuli.
Ban ƙirga sau biyu ba.

Har yau ban ba shi amsa ba.
Yau dai Laraba,
yamma ta yi jan kasko da aka janyo daga garwashi,
ina tsaye, laka har gwiwar hannu,
Goggo na kira daga ɗaki
in rufe ɗanyun tukwane, hadari ya haɗo daga gabas.